Yadda malami ke hawa kujera a makarantun ƙasa da ƙasa na Jidda

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, bayan isha'i, wani ƙanena a sana'a ya same ni wajen mai ful da tamis, wato wake da gurasa, da ke bayan gidanmu a unguwar Safa. Bakatsine ne, malamin lissafi, shekararsa biyar a wata makarantar ƙasa da ƙasa a nan Jidda. Ko tamis ɗin bai gutsura ba ya fara zuba. Yaransa ne suka fi na kowa cin IGCSE, jarrabawar sakandare ta tsarin Ingila, shekara uku a jere, bai taɓa makara ba, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, amma da kujerar shugaban sashe ta faɗi sai aka miƙa wa wanda ya zo bara.

"Yaya, don Allah me na yi musu?"

Na ce, "Ba ka yi musu komai ba, Malam. Ciwon ke nan."

Ya ɗauka zolaya ce, alhali ni ma na kwana a wannan ɗakin. Na sauka Jidda a 2013 da digirin kemistiri na Jami'ar Ahmadu Bello da difulomar koyarwa, na yi shekara huɗu ina shiga aji ina fita, ina jiran wani ya lura da ni. Haka aka rene mu: yi aikinka, kama bakinka, mai ido zai gani. A nan kuwa, malamin da ya iya aji kuma ba ya magana, addu'ar shugabansa ita ce Allah ya bar shi a ajin nan har furfura. Yau ni ne wakilin karatu na sashen samari na sakandare, kuma abin da na gaya wa ƙanen nan nawa shi zan maimaita, da ƙarin wanda dare bai bari na faɗa ba.

Fara da sanin gidan. Makarantun da irinmu suka fi samun aiki a cikinsu na 'yan kasuwa ne 'yan ƙasa, suna bin tsarin karatun Ingila ko na Amurka, kaɗan daga ciki na IB, wani tsarin karatu na ƙasa da ƙasa. A irinsu kawuna uku ne. Akwai mudir, ɗan ƙasa, wanda Ma'aikatar Ilimi ta sani, shi ke sa hannu, shi ke tarbar masu duba makaranta. Akwai shugaban karatu, galibi baƙo, mai riƙe da darussa da malamai da jarrabawa. Sai mai makaranta, wanda ba ka ganinsa sai ranar yaye ɗalibai, amma ba a ƙara wa kowa riyal ɗaya sai da saninsa. Tsaninka yana jingine ne a bangon shugaban karatu: shugaban sashe, mai kula da rukunin aji, kodinetan IGCSE ko na IB, wakili, sannan kujerar shugaban karatun kanta. Ta mudir ka cire ta daga lissafi. Haka kuma tun 2021 gwamnati ta fara keɓe wa 'yan ƙasa koyar da wasu darussa a makarantun ƙasa da ƙasa, irin su Larabci, addini, zamantakewa, zane da motsa jiki. In fagenka yana cikinsu, ka nemi wata ƙofa tun da sauran rana.

Ni abin da ya buɗe mini ƙofa wani ɗan ɗaki ne mara taga a ƙarshen baranda, mai ƙofar ƙarfe da sef a ciki. A 2017 mai riƙe da ofishin jarrabawa ya ajiye aiki bagatatan. Aka yi cigiyar mai karɓa a taron malamai, kowa ya sunkuya yana latsa waya. Na ɗaga hannu, kuma ba zan yi ƙaryar hangen nesa ba, ɗan alawus ɗin da aka ambata ne ya ɗaga mini shi. A shekarar ce aka fara karɓar kuɗin zaman iyali, riyal 100 duk wata a kan kowane kai, ni kuwa ga uwargida ga yara uku. Kuɗin nan ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020.

Aiki ne na wahala ba yabo. Rajistar zangon Mayu da Yuni ta Cambridge, hukumar da ke shirya jarrabawar, ana rufe ta cikin Fabrairu, wanda ya makara ya biya tara. Takardun tambayoyi suna zuwa a liƙe, ka ƙirga, ka kulle, ba a yage ambulan sai a gaban ɗalibai. Mai bincike yana iya faɗowa ba sallama, ya duba sef, ya ciro tef ya auna ko tsakanin ɗalibi da ɗalibi ya kai mita ɗaya da kwata. In komai ya tafi daidai ba wanda zai tuna da kai. In abu ɗaya ya goce, sunanka ne a bakin iyaye ɗari.

Kemistirin IGCSE hawa biyu ne, ƙarami da ake kira Core da babba da ake kira Extended. Wanda ya zauna ƙaramin, ko ya cinye tambayoyin duka, C ce iyakarsa. Saura kwana biyu a rufe rajista, ina bin sunaye ɗaya bayan ɗaya da rula a hannu, sai ga sunan wani yaro da duk makaranta ta san likita yake son zama, an jefa shi a ƙaramin hawa. Lamba aka kuskure wajen shigarwa. Na gyara, sannan na rubuta wa shugaban karatu layi uku: abin da na gani, abin da na yi, da shawarar cewa daga yau kowane uba ya sa hannu a takardar rajistar ɗansa kafin a aika. Sunan wanda ya yi kuskuren ban ambata ba. Layi ukun nan sun yi mini abin da sakamakon shekara huɗu bai yi mini ba, don a ranar ne mutumin ya fara ganina a matsayin wanda za a iya bar wa gida a tafi.

To, ka duba makarantarku, ka nemo aikin da ake gudu. In ofishin jarrabawa yana da mai shi, akwai jadawali. Wanda ya taɓa haɗa jadawalin makaranta ya ga hanjinta: wane malami ne ke nishi da darasi 26 a mako, wane ne ke shan iska da 18, ɗakin gwaje-gwaje guda da sassa uku ke rububinsa, inda za a tsaga a yi azahar, da yadda za a matse komai in azumi ya kama. Akwai kuma kwamitin tantancewa. Hukumomi irin su Cognia da CIS suna zuwa duk bayan 'yan shekaru su duba ko makaranta ta cancanci riƙe shaidarsu, kuma kafin su zo dole makaranta ta rubuta dogon rahoto a kan kanta. Ba mai son shugabancin wannan kwamiti, amma wanda ya karɓa zai shekara yana zama tebur ɗaya da manyan gidan. Sai dai ka zaɓi ɗaya. Sa kai ya fi bauta ciwo. Na san wanda ya rungumi huɗu a shekara guda, ajinsa ya lalace, aka manta da kwamitocin aka riƙe masa sakamakon.

Daga nan ka buɗe fayil, na takarda ko na kwamfuta, ka riƙa jefa shaida a ciki. "Na inganta sakamako" ba magana ba ce. Yara nawa, daga ina zuwa ina, me ka canza? Kuma a nan ne ƙanen nan nawa ya zame. Da na ce ya lissafo mini abin da ya yi, duk abin da ya kawo na cikin ajinsa ne. Shi kuwa shugaban sashe ana nemansa ne don ya gyara ajin wani. Shaidar da ke da nauyi ita ce abin da ka yi ta hannun manya irinka: sabon malamin da ka riƙe wa hannu zangonsa na farko, tsarin darasin da ka rubuta sashe duka ya ɗauka, zaman da ka haɗa malamai uku kuka duba takardun gwaji tare don makinku ya zo ɗaya. Wanda aka ba kujerar da yake kuka a kai, da na tambaya, ashe shi ne ya tsara wa sashen tambayoyin gwajin ƙarshen zango tun watansa na biyu.

Sai abin da ya fi mana wuya, mu 'yan Arewa, wato buɗe baki. Cikin Oktoba ka nemi minti goma sha biyar wajen shugaban karatu, ka ce masa, "Ina son in riƙe sashe nan da shekara biyu. Me kake ganin ya rage mini?" Ka yi shiru, ka rubuta abin da ya ce. Na ce Oktoba don daga nan zuwa Fabrairu ne makarantun nan ke tambayar wa zai zauna wa zai tafi, su fara ɗaukar malaman baɗi. Wanda ya zo da maganarsa a Mayu ya tarar an gama rabo, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da na yi wannan zaman gumi ya jiƙa mini riga duk da sanyin iyakwandishan, ji nake kamar bara na zo. Baturen ya dube ni da mamaki ya ce ai shi a zatonsa ba na sha'awa, tunda ban taɓa faɗa ba. Kawaicin da nake taƙama da shi, shi rashin buri ya karanta.

Wannan cutar tana bin mu har ɗakin intabiyu. A tambaye ka me ka yi, ka ce "mun ɗan yi ƙoƙari, Allah ya taimake mu." Gaskiya ce, amma mai tambayar bai san wane ne "mu" ba. Ka yi hamdalarka, sannan ka ce ni na tsara, ni na bi, ga abin da ya fito. Faɗin gaskiyar aikinka ga wanda ya tambaye ka ba girman kai ba ne.

Maganar takardu na bar ta zuwa nan da gangan, don mutanenmu da ita suke farawa. Kowa ka taɓa sai ya ce bari ya yi digiri na biyu tukuna. Digiri na biyu yana da ranarsa, musamman in ka doshi kujerar shugaban karatu, amma ba shi ke ba ka sashe ba. Abin da ake fara dubawa shi ne shaidar koyarwa da makarantun waje suka gane. Ka tabbata rajistarka ta TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, tana raye. A Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman da suka yi horo a Najeriya hanyar neman QTS, shaidar ƙwararren malami ta can, aka fara da masu lissafi da kimiyya da harsuna. In kana cikinsu ka shiga shafin gwamnatin Ingila ka karanta sharuɗɗan da kanka, kada ka dogara da abin da aka tura a guruf. Akwai kuma iQTS, wadda ake yi daga inda kake koyarwa ba sai ka je Ingila ba. Bayan wannan sai ta shugabanci. In makarantarku ta tsarin Ingila ce, NPQSL ta manyan shugabannin makaranta tana ɗaukar kamar wata 18, kuma Cambridge ma tana da satifiket da difuloma na shugabancin ilimi. In ta IB ce, bitocinsu hawa uku ne, kuma ba a riƙe kodineta ba tare da an halarci na kodineta ba. Horon kare yara daga cutarwa kuwa ka yi shi ko ba a sa ka ba, ba shi da tsawo, kuma ban taɓa zama a intabiyun shugabanci da ba a yi tambaya a kansa ba. Kafin ka zaro kuɗinka ka tambayi makaranta ko za ta biya rabi. Sau da yawa akwai kason horo a kasafi da ke kwana ba wanda ya nema. Za su ce sai ka sa hannu ka ƙara shekara ko biyu, ka auna ka gani.

Yanzu gaskiyar da ba a rubutawa a talla. Fasfo yana magana a wannan harka. Akwai makarantun da ke son farar fuska a hoton da za a nuna wa iyaye, kuma za ka ga wanda ka fi shi aiki ya fi ka albashi don kawai inda aka haife shi. Na ga wannan, ya ƙona mini rai. Amma akwai jarin da muke da shi wanda su ba su da shi, mu kuma muke raina shi.

A makarantarmu akwai wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, mai kula da motocin ɗalibai. Kakansa ya taho hajji a ƙasa ta Sudan bai koma ba. Hausarsa a cakuɗe take da Larabci, kowa Baba yake ce masa. Wata rana aka kama yaro da waya a aljihu a ɗakin jarrabawa, na rubuta rahoto kamar yadda doka ta ce. Washegari sai ga uban ya faka mota a bakin ƙofa, tun daga get ake jin muryarsa. Shugaban karatu ya ɗauko littafin dokoki ya buɗe shafi, yana shirin karanta masa. Baba ya riƙo hannun rigata a baranda.

"Ɗana, kada ku tare shi a tsaye. Zaunar da shi, a kawo gahawa da dabino, ka tambaye shi mutan gida. Wanda ya sha gahawarka ba ya zaginka da ƙarfi."

Na ce, "To, Baba."

Haka na yi. Na kira shi da alkunyarsa, Abu wane, na zuba masa da hannun hagu na miƙa da dama kamar yadda suke yi, na yi masa magana da Larabcina na makarantar zaure, irin na littafi, wanda ke sa su murmushi. Sai da ya sha ƙaramin kofi uku kafin muka taɓo waya. Rahoton bai canza ba ko da harafi ɗaya, na gaya masa hukuncin ba a hannunmu yake ba, na nuna masa abin da za a iya yi a zangon Oktoba da Nuwamba in sakamakon ya tafi. Ya fita ba da daɗin rai ba, amma ya yi mini musabaha. Tun daga ranar duk uban da ya zo da zafi ofishina ake nuna masa, duk takardar da ta zo daga ma'aikata ni mudir ke kira mu duba tare kafin a fassara wa shugaban karatu. Mutumin da ke iya tsayawa tsakanin waɗannan ofisoshi biyu ba a samunsa a kasuwar ɗaukar malamai ta Landan. Kai da ka yi allo ka yi Islamiyya, ka san abin da uba Musulmi ke tsoro game da ɗansa, rabin aikin ka zo da shi daga gida. Ka goge Larabcin nan, ka koyi na kasuwa a kan na littafi.

In an kira ka an ce an ba ka, kada murna ta sa ka ce "na gode" ka fita. A nan ake cin mutanenmu. Akwai muƙamin baki: a sanar a taro, a buga maka kati, darussanka na nan 24 ba a rage ko ɗaya ba, albashi yana inda yake. Tambayi abu uku cikin ladabi: darasi nawa za a sauke mini, nawa ne alawus, kuma yaushe za a gyara kwantiragina a Qiwa, shafin gwamnati da ake rajistar kwantiragin ma'aikata. Na ƙarshen nan shi ne babba. Kuɗin sallama a dokar ƙwadago ta ƙasar nan rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken wata a kan kowace shekara bayan haka, kuma a kan albashinka na ƙarshe ake lissafawa. Ƙarin da ake miƙo maka a ambulan, ranar sallama ba wanda zai san da shi. Ni sai da na yi shekara guda ina riƙe da sashe a baki kafin na gane, kuma laifina ne, kunya ta hana ni tambaya. In an ce "riƙon ƙwarya ne, mu ga kamun ludayinka," ba laifi, amma a rubuta ranar da riƙon zai ƙare.

Wani lokaci kuma tsanin gidanku a cike yake, na samanka ba inda za su. Tun Maris 2021 dokar ta sassauta, ma'aikaci na iya komawa wani wurin idan kwantiraginsa ya ƙare, ko bayan ya cika shekara in ya bi sharuɗɗan sanarwa. Makarantar da ke buɗe sabon reshe a Riyad ko Dammam ta fi tsohuwa saurin ba baƙon fuska dama. Sai dai ka fita ta ƙofa. Shugabannin makarantun nan sun san juna, waya ɗaya ce tsakaninsu, kuma ba a ɗaukar shugaba sai an kira wanda ya bari.

Kujerar kanta tana da nata. Ranar da na fara shiga ajin abokina da takardar duba darasi a hannu, mutumin da muke cin kabsa a faranti ɗaya, ya ƙi haɗa ido da ni. Darasin bai yi kyau ba, na kuma rubuta haka, amma sai da na same shi mu biyu kafin takardar ta je ko'ina. Wata biyu yana gaishe ni da "ranka ya daɗe" mai yaji. 'Yan uwanmu na gida kuma za su zo da "ai namu ne a sama," a sauya musu jadawali, a rufe musu makara. Ka taimaka da shawara, da nuna hanya, da karanta musu takardar neman aiki har tsakar dare in ta kama, amma jadawali ɗaya ne ga Bamisire da Ba'indiye da Bakano. Kuma ka riƙe aji ko guda ne. Ni har yau ina koyar da kemistiri a aji na goma, safiyar Lahadi da Talata, don malami ba ya jin gyaran wanda ya manta yadda yara talatin suke bayan an dawo daga tara.

Ful ɗin ya huce kafin na kai nan. Ƙanen nawa ya goge hannu, ya tambaye ni wanne zai fara. Na ce wa ke yi musu rajistar Fabrairu? Ya ce wata malama ce a sashen 'yan mata take haɗa ta ɓangarorin biyu ita kaɗai, kullum tana ƙorafi ba mai taya ta na samari. Na ce to gobe Juma'a, jibi Asabar, Lahadi da safe kafin layin asuba na ɗalibai ya watse ya kasance a ƙofar shugaban karatunsu. Ya ce zai je da rula.